Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Ake Shigar da Hotunan Jeren Nama Cikin Rumbun Bayanai

Darasinmu na wannan fitowa ya fi shafar 'yan sashen Kimiyyar Ɗakin Gwaje-gwaje, da 'yan Kimiyyar Kwamfuta, da masu karanta Adana Bayanan Lafiya, domin aiki ne da ya faɗo a tsakanin ɓangarorin nan uku. Maganar ita ce yadda ake ɗaukar hoton naman marasa lafiya da aka jera a gilashi guda, a shigar da shi cikin rumbun bayanan bincike. Wani zai ce yo ai kwafa da liƙawa ne kawai. Ba haka ba ne. A gilashi ɗaya ana iya samun naman mutum 40, ko 100, ko fiye, kuma babu ɗigon da aka rubuta sunan mai shi a jikinsa. Abin da kaɗai ke nuna na wane ne shi ne gurbin da yake zaune. Idan gurbi ya rikice a wajen shigarwa, sakamakon Ladi ya koma na Larai, kuma kwamfuta ba za ta ce maka uffan ba.

Mene ne jeren nama?

Idan likita ya yi zargin sankara a jikin mutum, yakan yanko ɗan nama daga wurin, a tura ɗakin gwajin nama. A can ake jiƙa shi a ruwan fomalin don kada ya ruɓe, a tsane shi, sannan a binne shi cikin narkakken kakin farafin. Idan kakin ya daskare sai ya zama ɗan bulo wanda bai kai akwatin ashana ba. Daga jikin bulon ake fere siraran yanka da na'urar maikrotom, kaurin kowane yanka maikron 4 zuwa 5. Maikron ɗaya shi ne milimita ɗaya an kasa ta gida 1,000. Sai a ɗora yankan a gilashi, a rina shi, likitan gwajin nama ya duba a maikroskof.

Wannan ya isa idan mutum ɗaya ake dubawa. Amma mai bincike da ke son duba marasa lafiya 200 da rini iri 5, gilashi 1,000 ke nan zai yanka ya rina, ga rinin gano sunadarai da ɗan karen tsada. Dabarar jeren nama, wadda ake taƙaita sunanta da TMA, ita ta rage wannan wahala. Likita zai zana wurin da ciwon yake a kowane bulo na asali. Sai a sa wata allura mai rami a ciki, mai faɗin milimita 0.6 zuwa 2, a ciro ɗan silin nama daga wurin, a dasa shi a ramin da aka haƙa a wani sabon bulon kaki. Haka za a yi ta yi, layi-layi, kamar shukar albasa a fadama. Idan aka fere wannan sabon bulo, kowane sili zai fito a gilashi a matsayin ɗigo zagayayye. Marasa lafiyan nan 200, ko da an ba kowa ɗigo 3, za su iya shiga bulo 2 ko 3, kuma duka za su sha rini ɗaya a lokaci ɗaya.

Hector Battifora ne ya fara haɗa nama iri-iri a bulo guda a 1986, sai dai nasa ba shi da tsarin da zai sa a gane kowane cikin sauƙi. A 1998 Juha Kononen da Olli Kallioniemi a Amurka, tare da Guido Sauter na birnin Bazel a Siwizalan, suka fitar da tsarin layi-layin da ake amfani da shi har yau, a mujallar Nature Medicine, inda suka gwada shi da sankarar mama 645.

Kada wani ya ɗauka abin na can ƙetare ne kawai. A 2009 ayarin Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago ya wallafa bincike kan mata 507 masu sankarar mama daga Najeriya da Sanagal, kuma da jeren nama suka yi aikin. Sun samu cewa kaso mai yawa na ciwon matan ba ya ɗauke da alamomi uku da ake dubawa kafin a zaɓi magani, wato ER da PR da HER2. Ka ga ke nan abin da ke fitowa daga irin waɗannan ɗigogi yana taɓa tunanin likitoci kan maganin da ya dace da iyayenmu mata.

Hoton da ya fi ƙarfin waya

Bayan rini sai a sa gilashin a sikana ta musamman, wadda ke bin sa gaba da gaba tana ɗaukar ƙananan hotuna tana ɗinke su. Idan an ɗauka a girman 20, kowane fikisel yana daidai da kusan maikron 0.5. Idan a girman 40 ne, kusan maikron 0.25. Bari mu yi lissafi: fili mai milimita 15 tsawo da 15 faɗi, a girman 40, zai ba da fikisel 60,000 sau 60,000, wato biliyan 3.6. Kowane fikisel yana cin bait 3, ka ga an haura gigabait 10 kafin a matse. Bayan matsewa yakan dawo gigabait 1 zuwa 2, wani lokaci ƙasa da haka.

Shi ya sa ba a ajiye hoton a shimfiɗe. Ana yi masa hawa-hawa kamar dala: cikakken hoto a ƙasa, rabinsa ko rubu'insa a sama, har zuwa ɗan ƙarami a ƙololuwa, kuma kowane hawa an yayyanka shi ƙananan murabba'ai. Manhaja tana ɗauko murabba'an da kake kallo ne kawai, kamar yadda Google Maps ke yi idan kana zuƙo unguwarku.

Kowane kamfani kuma da nasa nau'in fayil. Sikanar Aperio tana fitar da SVS, ta Hamamatsu tana fitar da NDPI, ta 3DHISTECH tana fitar da MRXS. Tun 2010 aka faɗaɗa ƙa'idar DICOM, wadda ake amfani da ita a hoton ƙashi da sauransu, don ta ɗauki irin waɗannan hotuna, amma har yanzu za ka yi ta cin karo da fayilolin kamfanoni. Manhajojin OpenSlide da Bio-Formats, waɗanda kyauta ne, su ke karanta yawancinsu.

Abu biyu a kiyaye tun a nan. Na farko, MRXS ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana da folda mai suna iri ɗaya da shi, kuma ainihin hoton yana cikinta. Wanda ya kwafi fayil ya bar folda, ya ɗauko murfi ya bar tukunya. Na biyu, kada a kuskura a maida hoton JPEG na yau da kullum "don ya yi sauƙi". JPEG ba ya wuce fikisel 65,535 a kowane gefe, kuma a wajen juyawa ake zubar da bayanin maikron nawa ne fikisel ɗaya, wanda in babu shi ba a iya auna komai. Batun turawa ta WhatsApp kuwa, kada ma a fara.

Tun ran gini, tun ran zane

Kafin a taɓa hoto ko ɗaya, sai an tsara rumbun. Kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya buɗe jadawali guda ya cusa komai a ciki. Tsarin da ya fi shi ne a bi salsalar naman, kowane mataki da jadawalinsa:

Jadawalin mara lafiya: lambar bincike, shekaru, jinsi, nau'in ciwo.
Jadawalin bulon asali: lambarsa, lambar mai shi, sashen jikin da aka yanko, ranar yanka, awa nawa ya yi a fomalin.
Jadawalin bulon jere: lambarsa, yawan layi, yawan ginshiƙi, faɗin allura, wanda ya haɗa.
Jadawalin gurbi: bulon jere kaza, layi kaza, ginshiƙi kaza, daga bulon asali kaza. Wannan shi ne taswira.
Jadawalin gilashi: daga wane bulon jere, yanka na nawa, ranar fere, wane rini.
Jadawalin hoto: na wane gilashi, wace sikana, girman ɗauka, inda fayil yake.
Jadawalin sakamako: wane hoto, wane gurbi, maki nawa, wa ya ba da makin.

Lura da kyau: taswira tana bin bulo ne, ba hoto ba. Bulo ɗaya zai iya ba da gilashi 50 ko fiye, duka taswirarsu ɗaya. A shigar da ita sau ɗaya, a tantance ta, a kulle. Idan kowane hoto ya zo da tasa kwafin taswirar, wata rana sai an samu biyu da suka saɓa, a rasa wacce ce gaskiya.

Shi kuma batun awannin fomalin ba ado ba ne. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin sankara da na gwajin nama na Amurka ta ce naman mama da za a duba wa ER da PR da HER2 ya shiga fomalin cikin awa 1 da yankewa, ya zauna a ciki awa 6 zuwa 72. Naman da ya taso daga asibitin ƙaramar hukuma zuwa asibitin koyarwa yana iya shafe kwanaki a hanya, ko ya jima a ajiye kafin a sa shi a fomalin. Irin wannan yana iya fitowa kamar ba shi da alamar alhali yana da ita. Ita ce ma muhawarar da masana ke yi kan wasu alƙaluman Afirka: shin ciwon ne ya bambanta, ko wani kaso daga yadda aka adana naman ne? Rumbun da bai ajiye wannan bayani ba, ba zai taɓa iya raba gardamar ba.

Su hotunan kansu ba a cusa su cikin jadawali. A ajiye su a faifan ajiya, jadawali ya riƙe adireshinsu kawai. Haka manhajar OMERO, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Dundee ta Sukotlan, take aiki.

Matakan shigarwa

Mataki na 1: Tabbatar fayil ya iso lafiya. Hoto 100 masu gigabait 1.5 kowanne, gigabait 150 ke nan. A intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, ɗora su zai ci sama da awa 33, in ba a ɗauke wuta ba, kuma mun san halinmu. Fayil ɗin da kwafarsa ta katse yana iya buɗewa lafiya lau, sai ka zuƙo wani lungu ka tarar da fari fat. Maganin wannan shi ne hatimin lissafi, irin su MD5 ko SHA-256: wata doguwar lamba da ake cirowa daga cikin fayil, wadda ko bait ɗaya ya canja sai ta canja. A ciro ta a kwamfutar sikana, a sake cirowa bayan kwafa. In sun yi daidai, a ajiye ta a jadawalin hoto. In ba su yi ba, a sake kwafa.

Mataki na 2: Tsaftace taswira. Yawanci a Excel take zuwa, shi kuwa Excel yana da karambani. Ka rubuta gurbi 1-2, ya maida shi kwanan wata. Ka rubuta lamba 00457, ya cinye sifilan gaba ya bar 457. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Wani nazari na 2016 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗo jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel suna da irin wannan ɓarna, inda SEPT2 ya koma 2 ga Satumba, MARCH1 ya koma 1 ga Maris. Har sai da kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya canja waɗannan sunaye a 2020. Don haka a saita ginshiƙan lamba a matsayin rubutu tun kafin a fara bugawa, layi ya zama harafi, ginshiƙi ya zama lamba, kamar A1 da B7. Sannan a sa rumbun ya ƙi karɓar duk gurbin da bulon asalinsa ba ya cikin jadawali, da duk gurbin da aka rubuta sau biyu.

Mataki na 3: Gano ina ne sama, ina ne ƙasa. A nan gizo ke saƙar. Idan an fere yanka, ana shimfiɗa shi a kan ruwan ɗumi, sannan a kwaso shi da gilashi. A wannan ɗan tsakanin yana iya juyawa kai ya koma ƙafa, yana iya kifewa dama ta koma hagu. Manhajar kallo ma tana iya nuna gilashin a kwance ko a tsaye. A ɗauka jere ne mai layi 10 da ginshiƙi 12, ɗigo 120 cif, marasa lafiya 40. Idan ya juya kai ya koma ƙafa, A1 ya zama J12, A2 ya zama J11. A cikin 120 ɗin nan babu ko ɗaya da zai tsaya a gurbinsa, amma a ido hoton yana nan tsaf, layi 10 ginshiƙi 12. Za a ba da maki, a yi lissafi, a zana jadawalin sakamako mai kyan gani, alhali an ɗora ciwon kowa a kan tarihin wani.

Shi ya sa masu haɗa jere ke karya daidaiton da gangan. Wasu su bar gurbi ɗaya ko biyu fanko a kusurwa guda. Wasu su dasa naman da ba a ɓata shi, kamar hanta ko ƙoda ko mabiyiya, a kusurwar A1. Aikin mai shigarwa shi ne ya nemo wannan alama da idonsa a kowane hoto, ya gwada da taswira. Alama ɗaya a kusurwa tana nuna juyawa, amma sai an haɗa da yawan layi da ginshiƙi, ko alama ta biyu, kafin a tabbatar bai kife ba. In jeren ba shi da alama sam, kada a yi canki-canka. A tsaya, a kira likitan gwajin nama ya gwada wasu ɗigogi da gilasan asali.

Mataki na 4: Rarraba ɗigogi. Manhajar QuPath, wadda Pete Bankhead ya rubuta a Jami'ar Queen's da ke Belfas aka wallafa bayaninta a 2017, tana da wannan aiki a ciki. Za ka gaya mata sunayen layi da ginshiƙi da faɗin ɗigo, ita kuma ta nemo su ta zana wa kowane da'ira. Tana da ƙoƙari, amma a bi bayanta. Layuka sukan karkace, ɗigo yakan naɗe, wani ya goce daga wurinsa. Mafi haɗari shi ne idan layi guda ko ginshiƙin gefe ya zube gaba ɗaya, domin ragar tana iya matsawa, layin C ya amsa sunan B, a tafi a haka har ƙasa. A gyara da hannu, sannan a ajiye mazaunin kowane ɗigo a cikin babban hoton. Ko da an yanko kowane ɗigo a matsayin ƙaramin hoto, kada a jefar da na asali.

Mataki na 5: Sifili daban, babu daban. Silin nama ba tsawonsu ɗaya ba. Yayin da ake ta fere bulo, gajeru sukan ƙare, wasu kuma su faɗi a wajen rini. Wannan na daga cikin dalilan ba kowane mara lafiya ɗigo 2 ko 3. Gurbin da ɗigonsa ya ɓata ba a share shi, kuma ba a ba shi maki 0. A ma'aunin HER2, wanda ke tafiya 0, 1+, 2+, 3+, sifili yana nufin an duba ciwon an ga babu alamar. Idan aka ba gurbi fanko sifili, an ƙara yawan "marasa alama" da ƙarya. A yi ginshiƙi na musamman mai cewa: lafiya, ya ɓata, ya naɗe, ko babu ciwo a ciki.

Mataki na 6: Shigar gwaji, sannan ta gaske. A fara zubawa a jadawalin wucin gadi. A ƙirga: yawan gurbi a taswira ya yi daidai da na hoto? Mutum na biyu, wanda ba shi ya yi aikin ba, ya zaɓi wasu ɗigogi ya bi salsalarsu tun daga hoto har zuwa lambar mara lafiya. Sai a tura cikin ainihin rumbun a dunƙule, ko duka su shiga ko duka su tsaya, a kuma rubuta wanda ya shigar da ranar. Ajiya kuwa kwafi 3, a na'ura iri 2, ɗaya a wani gini daban.

Amanar mai naman

Kowane ɗigo daga jikin wani ya fito, wataƙila ma ya riga mu gidan gaskiya. A rumbun bincike ba a sa suna ko lambar katin asibiti. Lambar bincike ake sawa, takardar da ke haɗa lambobin biyu kuma tana kulle a wajen shugaban binciken.

Ga wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba. Sikana ba naman kaɗai take ɗauka ba, tana ɗaukar hoton takardar da ke liƙe a kan gilashin ta ɓoye shi cikin fayil ɗin. Kana iya canja sunan fayil, alhali abin da aka rubuta da hannu a takardar yana nan ciki, duk mai OpenSlide zai iya fito da shi. A gilashin jere yawanci lambar bulo ce kawai, amma gilasan asali da ake haɗowa da su sukan zo da lambar asibiti, wani lokaci har da suna. A duba, a goge kafin fayil ya bar ɗakin. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, kuma bincike irin wannan ba ya farawa sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.

Gwada da kanka

Ba sai makarantarmu ta mallaki sikana za ka koyi wannan ba. QuPath kyauta ce kuma tana aiki a laftof na ɗalibi. Masu OpenSlide sun ajiye hotunan gwaji na kowane nau'in fayil. Shirin Human Protein Atlas na Siwidin, wanda aka fara a 2003, ya baje ɗimbin hotunan ɗigon nama kyauta ga mai son ganin yadda suke. Da SQLite za ka iya gina jadawalan nan bakwai a zama ɗaya. Ka ƙirƙiri taswirar bogi mai layi 10 da ginshiƙi 12, ka shigar da ita, sannan ka juya ta da gangan ka ga ko rumbunka zai kama. In bai kama ba, ka yi tunanin wace ƙa'ida za ka ƙara masa.

Ga 'yan ajin ƙarshe da har yanzu ke laluben taken furojet, wannan ya isa take, musamman idan ɗan ɗakin gwaji da ɗan kwamfuta suka haɗa kai. Ɗaya ya san hanta idan ya gan ta a maikroskof, ɗaya ya san yadda ake hana jadawali karɓar shirme. Likita ne zai ba da maki, amma ko makin zai sauka a kan mai shi, wannan yana hannun ma'aikacin da ya shigar da hoton, kuma irin kujerar da difloma ɗinmu ke kai mu ke nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe.